Shagon Anti a Southall, inda na je neman kayan bikin Sikh

Katin gayyatar ya ce ƙarfe tara na safe. Sai da na juya shi na sake dubawa, don a wurinmu abin da ake sa wa tara na safe ɗaurin aure ne, shi kuwa na maza ne, mu mata muna gida muna fama da tukwane. Amaryar abokiyar aikina ce, shekara huɗu muna aikin jinya a sashe ɗaya a wani asibiti da ke yammacin Landan. Mabiya addinin Sikh ne, iyayenta daga yankin Jalandhar na Panjab suka zo. Da na tambaye ta me ake sawa, me ake yi, me ba a yi, sai ta ce: "Ki rufe kai kawai, ke ai kin saba." Daga nan ta rubuta min kwatancen shagon da mahaifiyarta ke ɗinki, ta koma kan lissafin kujeru. Amarya saura mako uku biki, ba a riƙe ta da laifi.

Ranar Asabar muka hau jirgin layin Elizabeth, ni da maigidana, muka sauka a Southall. Tun daga tasha za ka san ka shigo wata unguwa daban, don sunan tashar ma an rubuta shi da Turanci da kuma rubutun Gurmukhi na Panjabawa. Ƙidayar 2021 ta nuna mabiya Sikh a Ingila da Wales sun haura 520,000, kuma duk wanda ya bi titin Broadway ranar Asabar zai rantse rabinsu suna nan suna sayen gwal da kayan zaƙin da ake kira jalebi. Shagon yana cikin wani lungu ne da ya ratse daga babban titi, faɗinsa bai fi na rumfa biyu a Kantin Kwari ba. Yadi ne jere tun daga ƙasa har rufi, keken ɗinki biyu a ciki can baya, sai wata dattijuwa a bayan kanta da tef ɗin awo rataye a wuya. Kowa Anti-ji yake ce mata, ni ma na bi sahu. Ita kuma tun kalma ta biyu ta koma ce min "puttar", wato 'yata.

Abin da ya fara sa na yarda da ita shi ne ta so ta hana kanta ciniki. Na nuna mata hoton leshina a waya, ta ce ai wannan ya fi kayanta kyau, in saka abina. Sai ta ƙara duban hoton, ta tambaya ko zan iya zama a ƙasa da siket ɗin na tsawon awa biyu, in tashi in zauna sau uku ko huɗu ba tare da na kama kafaɗar wani ba. Telana na Kano ya ɗinka siket ɗin ne don a tsaya a ɗauki hoto. Na ce a kawo kayan.

Ta baza min salwar kamiz kala-kala, wato doguwar riga da wando mai faɗi da mayafinsu da suke kira cunni. Hannuna ya kai kan wani ja mai aikin zare ruwan gwal, ta zare shi daga hannuna ba tare da ta ce komai ba ta mayar kan tari. Ja na amarya ne. Fari sol kuma da yawansu suna danganta shi da makoki, baƙi ma tsofaffi ba sa son ganinsa a ɗaurin aure, ko da yake da daddare a wurin liyafa babu mai kulawa. Muka tsaya a kan wani kore mai duhu. Fam 65 ta ce, na taya 50, muka rabu a 60, da ƙarin fam 15 na rage tsawo da sakin hammata. Na san a intanet zan samu irinsa ƙasa da haka, kuma yadin ba wani na a-zo-a-gani ba ne, irin mai sulɓin nan ne da ke riƙe zafi. Ba don yadin nake rubuta wannan ba.

Tana awo tana magana, kuma a cikin minti ashirin ɗin nan na samu abin da amarya ba ta da lokacin gaya min. Takalmi a ƙofa ake barinsa, akwai ma'ajiya, a wanke hannu kafin a shiga. Sigari ko wata taba kada ta kuskura ta shiga harabar gurduwara, wato wurin ibadarsu, ko da a aljihu ne. Ta faɗi wannan tana kallon maigidana, shi da ko hayaƙin turaren wuta tari yake sa shi. Idan an zauna, kada a miƙe ƙafa tafin ya fuskanci littafinsu mai tsarki, Guru Granth Sahib. Idan ƙafa ta yi tsami a lanƙwasa ta gefe. Ba a tafi, ba a shewa, ba a hira. Ta ce abin da baƙi ke kasa ganewa shi ne su ba littafi kawai suke ganinsa ba: tun 1708 da Guru Gobind Singh, na goma a jerin jagororinsu, ya ce bayansa babu wani jagora ɗan Adam sai wannan littafi, suke girmama shi kamar sarki a zaune a fada. Shi ya sa yake kan karaga ƙarƙashin rumfa, ana yi masa fifita, kowa kuma yana ƙasa da shi. Da ta ce fada sai komai ya zauna min. Wa zai miƙe ƙafa gaban sarki, ko ya shiga da takalmi?

Nan na yi mata tambayar da ke cina tun daga gida. Na ga a bidiyo mutane suna zuwa gaban littafin su kai goshi ƙasa. Na ce mata, Anti-ji, ni Musulma ce, goshina Allah kaɗai nake kai wa ƙasa. Na zaci za ta ɓata rai. Ko tef ɗin awon ba ta ajiye ba ta ce wannan na masu addinin ne, sunansa matha tekna, baƙo ba a tilasta masa. In shiga a natse, in bi gefe in zauna ɓangaren mata, shi ke nan. Ta ce maƙwabtanta na shago Musulmi ne 'yan Lahore, sun je auren 'ya'yanta uku, babu wanda ya sunkuya kuma babu wanda ya kalle su. Ta kuma ƙara min abin da ban tambaya ba: abincin gurduwara babu nama a cikinsa ko kaɗan, in ci hankali kwance, amma a wurin liyafar dare in tsaya kan kayan lambu, domin ƙa'idar addininsu ta hana su naman da aka yanka irin yankan Musulmi, saboda haka kada in ɗauka kazar halal ce. Wannan magana kaɗai ta biya min fam goman da nake ganin ta ɗora a kan yadi.

Sai aka zo kan maigida. Ya zo da tunanin zai sa shaddarsa da zanna-bukar, kai dai ya rufu. Anti ta karɓi hular ta juya ta, ta yaba aikin, sannan ta ce ba ta ba shi tabbaci ba. Hula irin ta Turawa da hana-salla dai ba a karɓarsu sam, tasa kuwa ya danganta da wanda ke tsaye a ƙofa. Mafi sauƙi, a bakin ƙofa akwai kwando cike da ƙyallaye da suke kira rumal, kyauta, ya ɗaura ɗaya a ka. Ko kuma, in yana so, ɗanta yana naɗa wa baƙin biki rawani, fam 25 har da yadin. Ban taɓa ganin fuskar mutumin nan ta yi haske irin na ranar ba. Shi da a zuri'arsu kaf ba a taɓa yin ko mai unguwa ba, ga rawani a fam 25, babu kamun ƙafa, babu kai gaisuwa fada. Na tambayi Anti ko ba za a ga kamar wasa muke da addininsu ba. Ta ce a biki dangi kan naɗa wa abokai, ana jin daɗin hakan ma, sharaɗin kawai idan an naɗa a riƙe shi da mutunci: ba a cire shi a gaban mutane kamar hula, ba a ajiye shi a ƙasa. Ta kira mahaifiyar amarya a waya ta tambayi kalar da mazan gidansu za su sa, aka ce ruwan hoda. Maigida ya ɗan yi jim, sannan ya ce a naɗa.

A nan ne shagon ya ba ni haushi. An yi da mu ƙarfe bakwai da rabi na safiyar biki ɗan zai same mu a shago. Mun iso bakwai da kwata, cikin sanyi, shago a rufe. Sai takwas da minti goma ya iso, kofin shayi a hannu, ya ce ya tsaya naɗa wa wasu a wani gida. Haƙuri ɗaya ya bayar, shi ma a tsaitsaye. Aikin kansa dai ya iya. Yadin ya kai mita biyar zuwa shida, ya ba maigida gefe ɗaya ya riƙe, shi ya ja ɗaya gefen har bakin ƙofa, suka miƙar da shi yana naɗe bakinsa ciki har ya zama kamar igiya mai faɗi. Sannan ya zaunar da shi a kujera, ya sa shi ya cije bakin yadin, ya shiga zagaye kai, kowane zagaye na hawa kan na baya, har suka haɗu a tsakiyar goshi suka yi tsini. Minti goma sha biyu ya gama. Ya yi kyau ƙwarai, babu ƙarya. Amma ya ɗaure shi tamau kan kunnuwa, ko don yana sauri ne, kafin azahar bawan Allah yana neman maganin ciwon kai a jakata. Duk wanda zai je, ya ce a sassauta masa wajen kunne tun a zagayen farko, kuma ya sa lokacin naɗin ya zama awa biyu kafin biki.

Saboda wannan latti muka rasa rabin milni, wanda shi na fi son gani. A harabar gurduwara ake yinsa kafin a shiga: mazan dangin amarya da na ango suna fitowa bibbiyu, uba da uba, kawu da kawu, wa da wa, su rataya wa juna furanni a wuya su rungumi juna. Mun tarar an kai kan samari, inda abin ya koma kokawa, kowa na ƙoƙarin ɗaga ɗan'uwansa sama, ana ta dariya. Daga nan aka shiga shan shayi mai madara da samosa da pakora. Anti ta ce min in ci da kyau a nan don ba a sake ganin abinci sai bayan an gama, na kuwa ci.

Ɗakin ibadar shimfiɗe yake da darduma an lulluɓe ta da farin ƙyalle, maza gefe ɗaya mata gefe ɗaya, hanya a tsakiya. Can gaba mutum uku suna waƙar yabo, biyu da abin kiɗa mai suna harmoniyam, ɗaya da ƙananan ganguna biyu da ake kira tabla. Na bi gefe na zauna kamar yadda aka koya min, babu wanda ya ɗaga ido. Jikin bango akwai 'yan kujeru na tsofaffi da masu ciwon gwiwa. Cunnin da Anti ta ba ni kuwa tun a mota ya fara zamewa. Allah ya sa na ɗaura ɗankwali a ƙasa na kuma kafe shi da fil biyu, amma wata Baturiya da ke kusa da ni haka ta wuni tana kamo nata. Mai sayar da mayafi mai sulɓi ya kamata ta haɗa da fil a cikin leda, ko ta ce a saya.

Ango ya shigo ya zauna gaban littafin, takobi a hannunsa. Sai ga ƙawata cikin ja, 'yan'uwanta maza na rakiyarta, ta zauna a hagunsa. Wannan ya tsaya min a rai. A wurinmu ana ɗaura wa mace aure tana can ƙuryar ɗaki, waliyyi da wakili ne ke magana, sai dai ta ji maroƙi ya ɗaga murya ko wayarta ta fara ruri. A nan ga ta a zaune, gaban kowa, ita ce a tsakiyar abin.

Sai kuma na yi abin kunyar da har yau ake tsokanata da shi a wurin aiki. Anti ta ce min idan aka fara addu'ar da suke kira Ardas, kowa tashi yake tsaye ya haɗa hannu. Na riƙe wannan gam. Da na ji malaminsu ya ambaci Ardas, na ga amarya da ango sun miƙe, sai na yi zumbur na tashi. Na duba hagu, na duba dama, a duk ɓangaren mata ni ce a tsaye sai uwar amarya da uwar ango. Ashe Ardas ɗin farko na ma'aurata ne da iyayensu kawai, na ƙarshe ne na kowa. Wata tsohuwa ta ja min bakin riga a hankali na koma na zauna. A can ɓangaren maza na hango wani rawani ruwan hoda yana girgiza.

Ɗaurin auren kansa, Anand Karaj, bai da wuyar bi ko ba ka jin yaren. Mahaifin amarya ya ɗauki bakin gyalen da ke kafaɗar ango ya damƙa a hannun 'yarsa. Sannan aka karanta baitoci huɗu da ake kira Lavan, waɗanda Guru Ram Das, jagoransu na huɗu, ya tsara a ƙarni na 16. Malamin zai karanta baiti ɗaya daga littafin, sai mawaƙan su ɗauke shi da waƙa, ango ya tashi yana gaba amarya na biye riƙe da gyalen, su zagaye littafin a hankali, su dawo su sunkuya su zauna. Sau huɗu. 'Yan'uwanta maza sun tsaya a kewayen, kowanne ya dafa kafaɗarta ya miƙa ta ga na gaba. Da suka kammala zagaye na huɗu, aure ya ɗauru. Guɗa ta taso min har maƙogwaro, na tuna fuskar Anti, na haɗiye abata. Daga baya aka yi Ardas na kowa, wannan karon sai da na ga tsohuwar nan ta miƙe sannan na miƙe. Da suka kai goshi ƙasa a ƙarshensa ni zama kawai na yi.

Bayan nan aka zagayo da karah parshad a cikin kwano, wani abu mai ɗumi da ake yi da garin alkama da man shanu da sukari daidai wa daida, ƙamshinsa ya cika ɗakin. Da hannu ake ɗebowa a sa maka, kai kuma ka tara hannu biyu, ba ɗaya ba. Anti ta ja min kunne a kan wannan fiye da komai: in zan karɓa in ce a sa kaɗan, don yana da maiƙo, kuma abin da aka karɓa ba a zubarwa, ba a barinsa a ƙasa. In ba zan ci ba, kada in tara hannu tun farko. Tunda abu ne da aka yi wa addu'arsu a cikin ibada, mun yanke tun a gida ba za mu karɓa ba. Na dafa ƙirji na yi murmushi, mai rabon ya gyaɗa kai ya wuce. Na san Musulmin da ke karɓa, wannan kowa da malaminsa.

Langar kuwa na ci har na nemi ƙari. Ɗakin cin abinci ne na kyauta da kowace gurduwara ke da shi, al'adar da ta faro tun zamanin Guru Nanak, wanda ya kafa addinin, kuma kowa ake ba, ko kai waye. A ƙasa aka zauna sahu-sahu, kai a rufe har a nan, likitan sashenmu yana kusa da direban tasi. Faranti ne na ƙarfe mai gida-gida: miyar wake da suke kira dal, dankali da farin kabeji, kindirmo, shinkafa da madara mai zaƙi, sai gurasarsu roti, wadda ita ma da hannu biyu ake karɓa. Masu rabon duk 'yan sa kai ne. Ba a barin saura a faranti, don haka a karɓi iya cikin mutum.

Gudummawa a ambulan ake bayarwa, kuma Anti ta ce kada kuɗin ya ƙare da sifili, a ɗora fam ɗaya a kai: 21, 51, 101. Ta sayar min da ambulan mai ado fam biyu, ta kuma canza min tsabar fam ɗaya daga aljihunta. Da daddare a wurin liyafa aka saki komai, ganga dhol, rawar bangara, har liƙi suna yi kamar mu. A nan ne wandon kayana ya ɓarke a ɗinkin baya, tun ban yi wata rawar kirki ba. Doguwar riga ce ta rufa min asiri.

In za a tambaye ni, shagon ya dace da wanda bai taɓa shiga gurduwara ba kuma ba shi da mai zaunar da shi ya yi masa bayani, musamman Musulmi mai tambayoyin da yake jin nauyin yi wa masu biki. Wanda ya riga ya san kan abin, yadi kawai yake nema, ya zagaya Broadway ya gwada farashi. A duba ɗinki kafin a bar shago, a sayi fil, a kuma tambayi Ardas nawa ne.

Mako na gaba na koma da wandon. Anti ta juya shi ta ga ɓarakar, ta ƙwala wa telan kira ta yi masa faɗa da Panjabi na kusan minti biyu, aka sake ɗinke shi sau biyu ba ta karɓi ko kwabo ba. Na ba ta labarin tsayuwata ni kaɗai, ta yi dariya har da share hawaye da bakin cunninta, ta ce laifinta ne, ta sa aka kawo min shayi. Maganar lattin ɗanta kuwa da na ɗauko ta, sai ta shiga nuna min wani sabon yadi da ya iso daga Ludhiana. Rawanin yana nan a ninke a saman durowa, maigida ya gwada naɗa shi da kansa sau biyu gaban madubi, duka biyun ya ƙare da kiran in zo in warware shi.